Daga Bakin Hanya: Sawakin, inda tudu ya ƙare ma alhazan ƙafa

  

A wannan wata ba ni na zaɓi zance ba. Wasiƙa ce ta zo mani daga wani saurayi na wajen Kelle, arewa da Gure. Da hannunsa ya rubuta ta, ya ce a makarantar yaƙi da jahilci ya koyi boko. Madalla da wannan. Ga abin da ke ciki a taƙaice. Kakansa, wanda ya haifi ubansa, ya bar gida da ƙafa zuwa Makka tun ƙasar nan ba ta samu mulkin kai ba, wato kafin 1960. Da jaki ɗaya ya tafi, da buta, da allo. Bayan shekaru, wani alhaji na ƙauyen da ke kusa da su ya komo, ya kawo saƙonsa: yana nan lafiya, ya kai wani gari da ake ce ma Sawakin, yana jiran jirgin ruwa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Yau saurayin ya tara ɗan abin da ya tara a cin rani. Wani mutum kuma ya tare shi a tasha, ya ce masa wai akwai hanyar mota har can, daga can a shiga jirgin ruwa a yi Umra da kuɗi kaɗan. Shi ne yake tambayata: ina Sawakin take, mi ake gani can, kuma in ya je zai samu kabarin kakansa?

To, ɗana, ka yi sa'a. Na taɓa taka garin shekarun baya, kafin wutar da ta kama Sudan. Zan gaya maka abin da ke can, don na san ba kai kaɗai ba ne. Daga Gure zuwa Gidigir da Bune, gidaje nawa ne ba su da wani tsoho da gabas ta haɗiye? Amma ka karanta har ƙarshe kafin ka kwance bakin jakarka.

Mu fara da hanya, don ba a gane Sawakin sai an san abin da mutum ya taka kafin ya kai ta. Daga ƙasar Muniyo da Manga, alhaji yakan gangara Barno, ya kewaye tabkin Cadi ta kudu, ya ƙetare ruwa a Fallomi, wadda aka sake ma suna Injamena cikin 1973. Daga nan sai Abeshe, sai Adire a bakin iyaka, sai Janaina. An shiga Darfur ke nan. Gaba kuma Fashir, gaba Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya kai cikin 1912.

Mai hali, bayan da kamiyo ya samu, cikin ƴan watanni yake gama wannan. Talaka kuwa tafe yake yana neman guzuri. Inda damina ta tare shi, nan zai yi ƙwadago. Wani wanzanci, wani ɗinkin hula, wani sayar da ruwa, malami ya buɗe makarantar allo ya yi shekara biyu sannan ya naɗe buzunsa. Shekara 3, shekara 5, wani har 10. An haifi ƴaƴa a hanyar nan, an aurar da su a hanyar nan. Daga 1925, da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe manyan gonakin kaɗa na Jazira, nan mutanenmu da yawa suka yada zango suna tsinkar kaɗa. Sun tarar da ƴan'uwa da suka riga su. Kusa da Sinnar akwai garin Mai Wurno, wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ne ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a bayan an kashe ubansa a Burmi cikin 1903. Har gobe in ka yi sallama da Hausa a wannan gari, da Hausa za a amsa maka.

Wanda kuɗinsa suka cika sai ya hau jirgin ƙasa, ya bi ta Hartum da Atbara, ya hau duwatsu, ya gangaro. Nan ne mutumin da ya girma yana jan guga gaba 20 yake fara ganin ruwan da ba shi da ƙetare. Bahar Maliya ke nan. Sawakin tana bakinta, kamar kilomita 60 kudu da Bur Sudan.

Ga yadda wurin yake. Teku ta shigo cikin tudu ta wata siririyar hanya, kamar wuyan gora, sannan ta buɗe ta yi ciki. A tsakiyar cikin goran nan akwai tsibiri, kewayayye kamar faifai. Ba shi da girma. Mai lafiya zai kewaye shi da ƙafa kafin a sauke shayi na biyu. A kan wannan faifai aka gina tsohon gari. Da can sai da kwalekwale ake shiga. Zamanin da Baturen nan Gordon yake gwamnan Sudan aka cike ruwa aka yi ƴar hanya wadda ta haɗa shi da tudu, ita ake bi har yau.

Tsohon gari ne ƙwarai. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko wanda ya zo Takadda a ƙasarmu cikin 1353, ya riga ya sauka Sawakin da shekara ashirin da ƴan kai. Ya tarar ba gona, ba itace, ruwan sha ma kawo shi ake yi. To mi ya zaunar da mutane inda ba ruwa ba gona? Kasuwa. Jirgi in ya shigo cikin goran nan, iska ba ta taɓa shi. Ayarin raƙuma ya sauke ƙaro, irin wanda yaranmu suke tsinka a jikin dakwara, da fatu, da hauren giwa, da gashin jimina. Jirage su kawo tufafi da turare da kayan yaji daga Jidda da Indiya. Har da bayi an fitar ta wannan ƙofa, kada mu ɓoye, kuma cikinsu akwai waɗanda da niyyar Hajji suka baro gida, aka yaudare su a hanya.

Turkawa suka riƙe garin tun ƙarni na 16. Cikin 1865 ya koma hannun Masar. Da aka buɗe mashigin Suwez cikin 1869, sai arziki ya ɓarke. Fatake suka gina benaye, hawa biyu, hawa uku. Ba da tubali ba, ba da siminti ba. Da dutsen murjani, wanda ake sarowa daga cikin teku. Fari ne, mara nauyi, duk jikinsa ƙofofi kamar marmara. Tagogi kuwa na katako ne, sassaƙaƙƙu, sun turo waje kamar akwati, mace ta zauna ciki ta sha iska, tana ganin mai wucewa shi ba ya ganinta. Irin ginin tsohuwar Jidda ne sak, wadanda suka je Hajji suka shiga tsohuwar kasuwarta sun san abin da nake nufi. A tudu kuma wani attajiri, Shinnawi, ya gina masaukin fatake wanda mutanen garin suke cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

Yau in ka shiga tsibirin, tsibi-tsibin fararen duwatsu za ka gani. Nan bango ɗaya a tsaye, taga a sama ba daki bayanta. Can matakala ta hau ta tsaya a sarari. Shirwa na shawagi. Mutanen Sudan suna da tatsuniya, wai nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljannu, wai kuma kyanwoyin Sawakin suna magana da dare. Kyanwoyi kam na gan su, manya, sun ƙoshi da kan kifi. Ba wadda ta ce mani uffan.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda garin ya mutu. Ba yaƙi ne ya ci shi ba. Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi a gabas, ya tsare shi da mayaƙansa na ƙabilar Beja shekara da shekaru tun daga 1884, bai shiga ba. Kicina, wanda ya yi gwamna a nan daga 1886, ya kewaye shi da ganuwa, ƙofarta tana nan ana ɗaukar hoto. Garin ya tsira daga mashi da bindiga. Abin da ya kashe shi, wuyan goran nan ne. Jiragen ruwa suka ƙara girma, hanya ta yi masu ƙunci. Sai Turawa suka gina sabuwar tasha a arewa, Bur Sudan, aka buɗe ta cikin 1909. Duwan ta tashi, banki ya tashi, fatake suka kulle gidajensu suka bi kasuwa.

To, ku magina kun san sauran. Dutsen murjani sai da yaɓe. Muddin ana shafe shi da farar ƙasa yana nan daram. Ranar da aka daina, iska mai gishiri ta shiga ƙofofin nan, raɓa ta bi ta, katakon da ya riƙe bango ya ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu gida suna Bur Sudan, wasu Jidda, wasu Alƙahira. Magada sun yi yawa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin yaɓe. Da na tsaya ina kallo, sai na tuna da soraye nawa na sani a Birnin Damagaram da suka zube ta wannan hanya, ba don talauci ba, don gida ya zama na mutum talatin.

Fatake sun tashi, amma alhazai ba su tashi ba. Hukuma ta bar zangonsu a Sawakin. Nan ake tsare su kwanaki, likita ya duba su, a yi masu lamba ta agana da kwalara, a ga takardunsu, a tabbata mutum ya aje kuɗin komowa, sannan a bar shi ya hau jirgi. Ke nan, lokacin da kakanka ya iso, garin ya riga ya fara zubewa. Ba cikin benayen nan ya kwana ba. A tudu ya kwana, cikin rumfar tabarma, tare da Barebari da Fulani da Zabarmawa da Kanawa, kowa da tukunyarsa.

Wanda kuɗinsa ba su cika ba, ko takardarsa ba ta yi ba, nan ne mai daɗin baki yake samunsa. Akwai masu jiragen katako na iska, waɗanda ake ce ma sambuk. Da dare suke ɗaukar mutane daga wani lungu na gaɓa, a kan rabin kuɗi. Wasu sun kai. Wasu an sauke su a bakin rairayin da ba kowa, aka nuna masu gabas aka ce Jidda tana bayan wancan tudu, alhali tafiyar kwanaki ce ba ruwa. Wasu teku ta ci. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu wuraren ziyara. Cikin tsibirin akwai tsofaffin masallatai biyu tun na zamanin Turkawa, ɗaya ana ce masa na Hanafi, ɗaya na Shafi'i. Su ne suka fi kome tsayawa da ƙafarsu, don gwamnatin Turkiyya ta gyara su, tare da tsohon gidan duwan. Shugaban Turkiyya, Erdogan, ya zo da kansa cikin Disamba 2017, aka yi alkawarin ci gaba da gyara. Wasu sun ce gyaran ya yi fari da yawa, kamar sabon gini. Ni ban ga laifinsa ba. Masallacin da ake salla ciki ya fi kango mai kyan hoto. Na yi raka'a biyu a na Shafi'i, ni Bamalike, ba wanda ya tambaye ni mazhaba. Da na sallame na jingina da ginshiƙi, na ce a raina, ko mutum nawa daga ƙasar Muniyo suka jingina a nan suna ƙirga kuɗinsu a cikin lalita?

Sunan garin ya shiga har littattafan fiƙihu. Malamai na da, in suna bayanin inda alhaji zai ɗaura harami, sukan kawo misali da wanda ya taso daga Sawakin ta ruwa: tun da yana isa Jidda bai gitta wani miƙati ba, a Jidda zai ɗaura. Ku tambayi malamanku, za su ƙara maku bayani.

Babbar ziyara ta wannan yanki ba a bakin ruwa take ba. A kan dutse take. In ka bar Sawakin ka nufi yamma, mota ta yi ta hawa, za ka kai Sinkat. Nan kabarin Sharifiya Maryam yake, ƴar gidan Mirgani, shugabannin ɗariƙar Hatmiyya. Ta rasu cikin 1952. An san ta da ciyar da mabukata da karɓar baƙi. Kowace shekara cikin watan Rajab mabiya sukan taru a Sinkat don tunawa da ita, daga Kasala, daga Hartum, har daga Iritiriya, a yi zikiri, a yi sauka, a yanka dabbobi a ciyar. Wanda ya taɓa zuwa Kiyota lokacin Maulidi ya san irin cikar da nake nufi. Mata masu karatu, ku lura: mace ce ta tara wannan jama'a. Na san malamanmu ba bakinsu ɗaya ba a kan ziyarar kaburbura. Ba filin wannan ba ne nan, abin da ke can nake faɗa.

Kusa da Sinkat akwai Arkawit, can ƙololuwa, inda hazo yake sauka da sanyi alhali a gaɓa mutum yana narkewa. Da can Turawa nan suke gudun zafi. Nan kuma kabarin Usman Digna yake. An kama shi cikin 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa cikin 1926, daga baya aka ɗauko ƙasusuwansa aka komo da su cikin duwatsun mutanensa. Ita ma Bur Sudan, kafin Turawa su gina ta, da sunan wani waliyyi ake kiran wurin, Shehu Bargut, wanda kabarinsa ke bakin mashigin jirage.

Su kuwa Turawa masu yawon buɗe ido, ba kabari ke kawo su ba. Ƙarƙashin ruwa suke so. Kafin yaƙi sukan ɗauki jirgi zuwa Sanganeb, wani kewayen murjani a tsakiyar teku mai doguwar hasumiyar fitila, su goya tulun iska su nutse suna kallon kifi. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya cikin 2016, tare da Dungunab, inda ake samun ayu irin na teku. Bafaranshen nan Kusto har gida ya gina a ƙarƙashin ruwan cikin 1963, mutanensa suka yi wata guda ciki. Kowa da abin da ya dame shi. Ni iyakata gwiwa. Na ɗebi ruwan na kai baki, na tofar. Abin da ya fi burge ni fadamun gishiri ne da ke gefen hanya tsakanin Bur Sudan da Sawakin. A nan Manga sai an tace ƙasa, an ƙone itace, kafin a samu mangul. Can ruwan teku suke tarewa a fili, rana ta dafa masu kyauta. Da yamma kuma sai a zauna bakin ruwa, a sha gahawa mai citta cikin ƴan ƙananan finjali, a ci naman da Beja suke gasawa a kan duwatsu masu zafi. Makiyaya ne kamar namu, da raƙumansu da takubbansu. Batubbe ko Buzu ba zai ji baƙunci cikinsu ba.

Tashar Sawakin ta sake rayuwa cikin 1991, da aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna a bakin wuyan goran. Daga nan jiragen fasinja suke tashi zuwa Jidda. Ruwan da ke tsakani kilomita 300 ne da ɗoriya, kamar daga Gure zuwa Difa, tafiyar dare guda. Daga nan kuma ake fitar da tumakin Sudan zuwa Saudiya. Makiyaya, ga labarin da zai taɓa ku. Cikin Yuni 2022 aka loda ma wani jirgi tumaki 15.800, alhali 9.000 aka yi shi ya ɗauka. Bai ko fita daga tasha ba ya kife. Kamar 700 kaɗai aka ceto. Mutanen jirgin sun tsira. Ku ƙirga raguna dubu goma sha biyar a kasuwar Gure, ku ga garke nawa ne, shekarun kiwo nawa ne. Mai lodi ya so ribar sawu biyu a sawu ɗaya. Irin lodin da muke gani a kan kamiyo ranar kasuwa, mutane a kan buhu, buhu a kan awaki, shi ne dai, sai dai can ba gefen hanya da za a faɗa.

To, ɗana, ga amsar da ba za ka so ba. Kada ka tafi.

Ka sake duba sunayen garuruwan da na jera a sama. Kewayen tabkin Cadi, mu nan ba sai an gaya mana ba, tun 2015 muke karɓar ƴan gudun hijira daga Difa da Boso. Sudan kuwa yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da rundunar da ake ce ma RSF. A Janaina an yi ma mutane kisan gilla cikin wannan shekara, waɗanda suka tsira suka kwarara Adire da ƙafa, dubu ɗaruruwa. An tsare Fashir tun daga Mayu 2024 har ta faɗi cikin Oktoba 2025, bayan yunwa ta gama da mutanenta. Fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Ita kanta Bur Sudan, inda gwamnati ta koma cikin 2023 don ta fi ko'ina kwanciyar hankali, jirage marasa matuƙi sun kai mata hari cikin Mayu 2025. Hanyar da kakanka ya bi da jaki yana kwana a masallatai, ita ce mutane suka biyo a guje suna nufo yamma. Wanda ya ce maka zai ratsa da kai ta nan, ka tambaye shi yaushe rabonsa da Janaina.

Ko da hanya lafiya take, jirgin Sawakin ba ya ɗaukar mutum sai da fasfo, da biza, da katin lamba. Mutumin nan na tasha ya gaya maka wannan? Na san irinsu. Za su ce ka shiga da sunan Umra, ka laɓe har lokacin Hajji. Jikokin masu sambuk ne, sun dai sake riga. A Hajjin 2024, da zafi ya wuce awo 50 a Makka, hukumar Saudiya ta ce mutum 1.301 suka rasu, kuma 83 cikin 100 ba su da takardar izni. Ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, suna tsoron zuwa likita kada a kama su. Cikin 2025 Saudiya ta sa tarar riyal 20.000 ga wanda aka kama ba izni, wajen miliyan 3 ke nan na kuɗinmu, a kore shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Garin neman gira a rasa ido. Mai niyyar Hajji ko Umra, ƙasarmu tana da hukumar da ke kula da wannan, COHO, da kamfanonin da ta yarda da su. Da tsada, na sani. Amma Allah bai ɗora Hajji a kan wanda ba shi da iko ba, kuma amincin hanya yana cikin iko. Kuɗin da ka tara, ka sa su cikin tunkiya biyu ko uku, su riƙa haihuwa kana jira.

Saura zancen kabari. Na shiga maƙabartar da ke tudu, bayan gari. Fili ne na tsakuwa, dutse a kai, dutse a ƙafa, iyakar ganinka. Baƙon da ya mutu a rumfar tabarma, abokan tafiya suka yi masa sutura, ba wanda ya rubuta sunansa. In can yake kwance, ba za ka gane wurin ba ko ka shekara kana nema. Addu'arka daga Kelle tana isa gare shi.

Amma wa ya ce maka can ya mutu? Saƙon cewa ya yi yana jiran jirgi. Mai yiwuwa ya ƙetare, ya yi Hajjinsa, ya zauna Makka cikin waɗanda ake ce ma Takari. Mai yiwuwa kuɗin komowa suka gagara, ya koma Jazira tsinkar kaɗa, yana cewa baɗi, baɗi, har ya yi aure. Mutane da yawa haka ta faru da su. Suna Wad Madani, suna Gadarif, suna Kasala, jikokinsu suna jin Hausa, wasu sun riƙe sunan ƙauyen da kakansu ya baro ko da ba su san inda yake ba. Ba mamaki a ce kana da ƴan'uwa na jini can, kuma a wannan hali da suke ciki su ne suka fi bukatar a neme su.

Neman nan daga gida ake fara shi, kuma ba ya cin ko dala. Ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna da sauran ƙarfi, musamman gwaggwanninka, mata sun fi riƙe irin wannan. Ka buɗe salularka ka ɗauki muryarsu. Sunansa na yanka da laƙabinsa. Sunan ubansa da na uwarsa. Irin askar da ke fuskarsa. Sana'arsa. Wace shekara ya tashi, in ba a san lamba ba a faɗi abin da ya faru a shekarar, fara ce ko yunwa ko naɗin wani sarki. Da wa da wa suka tafi. Ka rubuta duka a takarda, tun da ka iya. Ka ba alhazan bana na wajenku kofi ɗaya, don a Makka da Madina ana gamuwa da Hausawan Sudan kullum, kuma saƙon murya yana kai wa inda ƙafa ba ta kai. Ka aiko mana da kofi ɗaya mu buga a wannan fili. Duk mai karatu da ke da irin wannan ɓataccen tsoho, shi ma ya aiko.

Wancan alhaji da ya kawo saƙon kakanka, ka ce ƙauyensu yana kusa da naku. In ya rasu, ya bar ƴaƴa, kuma mutumin da ya yi Makka da ƙafa ba ya rasa ba ƴaƴansa labari da dare. Ranar kasuwa mai zuwa ka sayi goro, ka fara da gidansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.